Issa da Molly: wa ta fara sakin hannun 'yar'uwarta?

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan gida. Wanda bai gama kallon Insecure ba, shirin barkwancin nan na Amurka kan aminai biyu, Issa da Molly, ya tsallake wannan zancen, don yau zan fasa ƙwai. Daren jiya na kammala kallonsa karo na biyu, zango biyar ɗin gaba ɗaya, kashi 44, kuma barci bai ɗauke ni da wuri ba. A kallon farko, lokacin da HBO ke sakinsa tsakanin 2016 da 2021, hankalina duk yana kan ko Issa za ta koma wa saurayinta Lawrence. Wannan karon mazan ba su dame ni ba. Abin da ya tsaya min a maƙogwaro shi ne yadda amincin Issa da Molly ya lalace a zango na huɗu, alhali babu wadda ta ƙwace wa wata saurayi, babu wadda ta cinye wa wata kuɗi. Ƙananan abubuwa ne kawai suka yi ta taruwa: kira da ba a ɗauka ba, alƙawarin haɗuwa da aka ɗage, baƙar magana da aka yaɓa cikin wasa.

Dalilin da ya sa abin ya taɓa ni, ina da aminiya tun ajin farko a jami'a. Ɗaki ɗaya muka zauna, ita ta riƙe min jaka ranar ɗaurin aurena. Yau shekara biyu ke nan gaisuwarmu ba ta wuce ta Juma'a a WhatsApp. Ba mu yi faɗa ba. Ita ta samu ƙarin girma ta koma Legas, ni na haihu, shi ke nan. Don haka tambayata da gaske nake yin ta: a tsakanin Issa da Molly, wa ta fara sakin hannun 'yar'uwarta?

Barista Rabi: Wa alaikumus salam. Maman Iman, Allah Ya daidaita tsakaninku. Ni dai tun 2020 nake kare Molly, lokacin da duk intanet ta taru a kanta, kuma har gobe ban sauka daga kan bakata ba. Mutane suna tuna ranar bikin unguwa da Issa ta shirya a Inglewood da ke yankin Los Anjalas, inda Molly ta tare ta da faɗa a gaban jama'a. E, ta zaɓi mummunar rana. Amma a koma kashin farko na zango na ɗaya. Molly ta faɗa wa Issa damuwarta kan rashin dacen masoyi, Issa ta hau dandamali ta mayar da sirrin waƙa, aka yi ta dariya, daga baya ma bidiyon ya shiga intanet. A ƙarshen wannan zangon, wa ta tuƙo ta cikin dare daga Malibu zuwa gida, duk da sun yi cacar baki? A cinyar wa ta kwanta ta yi kuka da ta tarar Lawrence ya kwashe kayansa? Shekara da shekaru Molly ce mai ɗauka. Rana ɗaya ta ce a bar mata saurayinta Andrew a gefe, kada a sa shi cikin harkar neman mawaƙin da zai zo bikin, sai Issa ta zagaya ta bayan gida, ta bi ta hannun Nathan, abokin Andrew da ita Issa ta taɓa soyayya da shi. Wannan ba daidai ba ne.

Fa'iza Jos: Anti Rabi, ki yi haƙuri, ban yarda ba. Molly ta saba da Issa wadda rayuwarta ke a hargitse, mai kwana a kujerar falon tsohon saurayi, mai kabu-kabu da manhajar Lyft. A wannan yanayin ita ce babbar yaya mai ba da shawara. Da Issa ta fara tsayawa da ƙafarta, ta bar aikin da ba ta so, ta fara haɗa abu nata na kanta, sai Molly ta kasa taya ta murna da zuciya ɗaya. Kullum sai ta jefa mata shakku. Kuma taimakon da aka nema bai rage wa Andrew komai ba, saƙo ɗaya ya tura, shi da bakinsa ya nuna ba wani abu ba ne. Akwai ƙawayen da suke ƙaunarki matuƙar kina ƙasa da su. Na gani da idona.

Barista Rabi: Ƙanwata, ba girman taimakon ake dubawa ba. An ce miki a'a, kin san an ce miki a'a, kin nemi hanyar da za ki samu e ba tare da mai a'ar ta sani ba. Ko a ofis aka yi miki haka za ki ji zafi, balle aminiya.

Fa'iza Jos: To ita Molly da ta kori Nathan daga ƙofar gidan Issa ranar da ta cika shekara 30, ya zo da furanni zai ba da haƙuri, wa ta nemi izininsa? Laifi tudu ne.

Barista Rabi: Wannan na karɓa. Ta yi shisshigi a nan.

Ɗan Zazzau: Salamu alaikum iyayen gida. Ku ba ni dama in sa baki, ko da yake an ce mazan ba su da muhimmanci. Ni abin da ya riƙe ni a shirin Lawrence ne na zango na ɗaya. Mutum mai digiri daga babbar jami'a, yana da manhajar da yake mafarkin za ta fitar da shi, amma yana zaune a gida ba aiki, budurwarsa ce ke biyan haya. Na yi shekara uku bayan bautar ƙasa ina yawo da takardu. Na san yadda mutum ke daina aske gemu, ya daina ɗaga wayar abokai don kada a tambaye shi ya ake ciki. Ranar da Lawrence ya sauke girman kai ya sa shuɗiyar rigar Best Buy ya tafi sayar da kayan lantarki, na tsayar da kallon na yi shiru na ɗan lokaci, don nima sai da na karɓi aikin da na raina kafin ƙofa ta buɗe. Kuma daidai lokacin da ya fara farfaɗowa Issa ta ci amanarsa da Daniel. Ban ce ba ta yi haƙuri da shi ba, ta yi. Amma ban taɓa ganin shirin barkwanci da ya nuna ciwon rashin aikin namiji baƙar fata ba tare da ya mayar da shi abin dariya ko ɗan daba ba, sai wannan.

Maman Iman: Malam, ban ce ba ku da muhimmanci ba, na ce wannan karon ba ku ne kuka hana ni barci ba. Maganarka gaskiya ce. Allah Ya ƙara buɗi.

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Zan faɗi abin da na san wasu ba za su so ba. Na kalli kashi uku na wannan shiri saboda yawan zancensa a nan, na kashe. Akwai tsiraici ƙarara, akwai giya a kusan kowane zama, saurayi da budurwa suna zaune ɗaki ɗaya shekara da shekaru ba aure kuma babu wanda ya ga abin a matsayin matsala. Ina mamakin yadda mu Musulmi, iyayen yara, za mu zauna muna tantance wa ya fi gaskiya a cikin mutanen da tun tushe rayuwarsu ta saɓa da tamu. Ba zagi nake yi ba, tambaya ce. Me za mu tsinta a nan da ba mu da shi a gida?

Ummu Sadiq (mai kula da zaure): Tambayar Baban Khalifa tana kan hanya, a amsa masa da ladabi. Kuma ina tunatarwa, kada kowa ya ɗora hoto ko guntun bidiyo daga shirin a nan.

Barista Rabi: Yallaɓai, ba zan yi maka musu kan tsiraicin ba. Yana nan, yana da yawa, ni kaina tsallakewa nake yi, kuma ba zan kunna shi yarana suna falo ba. HBO tasha ce ta biyan kuɗi, ba ta ƙarƙashin takunkumin da ke kan tashoshin da kowa ke kamawa kyauta a Amurka, shi ya sa suke sakin jiki. Wanda ya ce ba zai kalla ba saboda addininsa, ya yi daidai, babu mai ganin baikensa.

Amma ka tambayi me na tsinta. A zango na biyu an kawo wa Molly, wadda lauya ce, takardar albashin abokin aikinta farar fata bisa kuskure, ta ga ya fi ta ɗauka nesa ba kusa ba, alhali ba ya fin ta aiki. Abin da shirin ya nuna bayan nan shi ne ya girgiza ni. Ba ta yi ihu ba. Ta fara ƙoƙarin shiga cikin manyan ofishin, har ta bi su kallon wasan hoki da ba ya gabanta, washegari ogan ya koma yi mata kallon baƙuwa. Ni lauya ce. Na yi aiki a wani ofishin lauyoyi inda ni kaɗai ce mace, ni kaɗai ce 'yar Arewa. Ana yanke shawarar wa za a ba wace shari'a a wuraren da ba na zuwa, da daddare, a kan teburin da ba zan zauna ba. Da safe sai dai in ji labari. Launin fata ba shi ne matsalata ba, amma ƙofar da ake rufewa iri ɗaya ce. Shekara goma ina tunanin ni ce ban iya zama da mutane ba.

Baban Khalifa: Na ji, Barista, kuma Allah Ya saka miki. Sai dai har yanzu ina ganin ana iya ba da wannan labarin ba tare da an tuɓe kowa ba.

Anti Bilki Maryland: Ana iyawa ƙwarai, Baban Khalifa, kuma an yi. Ku bar ni in ja ku baya, ni da na zo ƙasar nan tun kafin a haifi wasunku. A 1993 tashar Fox ta fara nuna Living Single. Mata huɗu da maza biyu a gida ɗaya a unguwar Brooklyn ta birnin Niyu Yok. Queen Latifah ce ta fito a matsayin Khadijah James, mai mujallar kanta da ake kira Flavor. Maxine lauya ce, Kyle dillalin hannun jari, Overton mai gyare-gyaren gida. Ina aikin jinya na dare a lokacin, ina ɗauka a kaset in kalla da safe. Ba zan iya kwatanta muku yadda na ji ba da na ga baƙar mace mai suna Khadijah tana ba ma'aikata umarni a ofishinta, a talabijin ɗin Amurka. Akwai zancen soyayya, akwai maganganun manya, ba zan ce wa'azi ba ne, amma babu tsiraici.

Yvette Lee Bowser ce ta ƙirƙiro shi, tana da ƙuruciyarta a lokacin. Bayan shekara ɗaya, a 1994, NBC ta fito da Friends: abokai shida, Niyu Yok, soyayya da aiki. Kamfani ɗaya ne ya shirya su duka biyun, Warner Bros. Ɗaya aka zuba masa talla da kuɗi ya zagaye duniya har zango goma, ɗayan ya tsaya a zango biyar a 1998. Ku tambayi duk wani ɗan boko a Kano ko Kaduna, ya san Friends. Nawa ne suka taɓa jin Living Single? A 2020 David Schwimmer na Friends ya yi hira yana cewa ya kamata wata rana a yi irin shirinsu da baƙaƙen fata zalla, Erika Alexander da ta fito a Maxine ta tuna masa a fili cewa an riga an yi, kuma shi ya riga nasu fitowa.

Fa'iza Jos: Anti, wallahi ban taɓa sanin wannan ba. Ni na ɗauka Issa Rae, wadda ta ƙirƙiro Insecure kuma ta fito a Issa, ce ta fara.

Anti Bilki Maryland: A'a 'yata, kuma ita kanta ba ta taɓa cewa ita ta fara ba. Bayan Living Single akwai Girlfriends na Mara Brock Akil, daga 2000 zuwa 2008, shi ma a Los Anjalas. Tracee Ellis Ross, 'yar mawaƙiya Diana Ross, ita ce Joan, lauya. Kuma ga inda ya haɗu da tambayar Maman Iman: Joan da aminiyarta Toni sun rabu a ƙarshen zango na shida, jarumar da ke fitowa a Toni ta bar shirin, ba a taɓa nuna sulhunsu ba. Sannan yajin aikin marubuta na 2007 zuwa 2008 ya zo, aka yanke shirin haka nan ba tare da kashin bankwana ba, bayan zango takwas. Mu da muka bi shi shekara takwas an bar mu a tsaye bakin ƙofa. Shi ya sa da na ga Issa da Molly sun fara tsamin dangantaka gabana ya faɗi, na ce za a sake yi mana irin ta Joan da Toni.

Wani abu kuma da ya kamata ku sani. Yawancin irin waɗannan shirye-shirye a wancan zamani a tashar UPN suke. A 2006 aka haɗe UPN da WB aka yi CW, cikin 'yan shekaru aka share kusan dukkansu. Aka shiga wani lokaci mai tsawo da da wuya ka ga matasa baƙaƙen fata masu aikin ofis suna rayuwarsu a shirin barkwanci. A cikin wannan fari ne Issa Rae ta ɗauki kamara da abokanta a 2011 ta fara ɗora Awkward Black Girl a YouTube. Ba wanda ya ba ta izini. Da kuɗi ya ƙare, masu kallo ne suka yi mata karo-karo.

Habu Mai Kamara: Anti Bilki ta taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni aikina ɗaukar hoto ne a masana'antarmu ta nan Kano, don haka idona ba ya kan labari kawai. Ku sake kallon duk wata fitowa ta dare a Insecure, a gidan rawa ko cikin mota. Fatar Issa Rae baƙa ce sosai, amma ba ta ɓacewa cikin duhu, kuma ba a watsa mata farar fitila har ta koma toka-toka ba. Fatar tana sheƙi, ana ganin shuɗi da ja suna kwanciya a kanta. Ava Berkofsky ce ta jagoranci ɗaukar hoton daga zango na biyu, kuma ta yi bayanin yadda suke yi: a shafa wa fata abin da zai sa ta ɗan yi ƙyalli, a bar haske ya daki wani abu ya dawo kanta a tausashe maimakon a harba mata shi kai tsaye.

Me ya sa na damu? Saboda na sha tsayawa a wurin aiki ana ce min wance ta yi duhu a kamara, a nemo mai haske. Na ga yara mata kyawawa sun shiga shafe-shafen mai don a ba su aiki. Alhali matsalar ba a fatarsu take ba, a fitilarmu take da iliminmu. Mu da kusan kowa baƙi ne a ƙasarmu, sai wasu a Los Anjalas ne za su koya mana yadda ake haska fatarmu.

Maman Iman: Habu, wannan magana taka ta isa a buɗe mata zaure nata daban.

Zainabu Nima: Gaisuwa daga Akra. Ina karantawa tun ɗazu. Ina so in ce kada mu ɗauka sai Amurka. Mu nan Gana muna da An African City na Nicole Amarteifio, ya fito a YouTube a 2014, shekara biyu kafin Insecure. Mata biyar da suka yi karatu da aiki a waje suka dawo Akra. Na ji daɗin kayan da suke sawa, atamfa ɗinkin zamani, kuma sun faɗi gaskiya kan wasu abubuwa: ɗauke wuta, masu gida da ke neman hayar shekara ɗaya ko biyu a dunƙule kuma da dala, wahalar fito da kaya daga tashar jirgin ruwa. Amma ni da na tashi a unguwar zango, ina aiki a banki yanzu, ban ga kaina a ciki ba. Kullum suna manyan gidajen abinci, kuma yadda suke maganar mu da ba mu taɓa fita waje ba yana da ɗan ciwo. Abin mamaki, na fi ganin kaina a Issa da ke wata nahiya, saboda ita tana lissafin kuɗin haya, motarta ta lalace ta rasa na gyara, hayar unguwarsu ta tashi har ta bar gidan da take ciki.

Ɗan Zazzau: Wannan batun unguwa gaskiya ne. Inglewood unguwar baƙaƙen fata ce da 'yan asalin Latin Amurka, aka zo aka gina katafaren filin wasa na SoFi da aka buɗe a 2020, masu kuɗi suka fara shigowa, haya ta yi sama. Shirin ya nuna hakan tun kafin a gama ginin. Duk wanda ya zauna a Abuja ya ga yadda ake tura ma'aikata daga cikin gari zuwa Mararaba da Suleja ya san zancen.

Fa'iza Jos: A Najeriya ma akwai Skinny Girl in Transit na Ndani TV, tun 2015. Tiwa mai gabatar da shiri a rediyo a Legas, uwarta ta sa ta gaba kan ƙiba da aure. Uwar nan, Ngozi Nwosu, kamar an ɗauko gwaggona an sa a talabijin. Kuma kun san ita Molly ɗin tamu ce? Yvonne Orji, a Fatakwal aka haife ta, ta girma a Maryland. Tana da digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma kafin ta shiga barkwanci. Issa Rae kuma mahaifinta likita ne ɗan Senigal, ta ɗan zauna a Dakar tana yarinya.

Baban Khalifa: To ga tambaya ta biyu, tunda kun ambaci Gana da Legas. Ina namu? Idan abin da kuke so shi ne labarin matasa masu aiki da abota da neman aure, me ya hana a yi shi da Hausa, cikin sutura da mutunci, yadda zan zauna da iyalina mu kalla?

Habu Mai Kamara: Yallaɓai, ka tambayi abin da nake tambayar kaina kullum. Ba wai ba ma iya dogon shiri ba ne. Tun da Arewa24 ta fara a 2014 an ga Daɗin Kowa, an ga Kwana Casa'in, an ga Gidan Badamasi a ɓangaren barkwanci, ga Labarina da ya ja jama'a a YouTube. Masu kallo suna nan. Amma barkwancinmu ya fi karkata ga gidan gado, ko ɗan ƙauye ya shigo birni, ko miji da mata huɗu. In mace mai aiki ta fito, to aikin nata ne matsalar da za a warware: ko miji ya hana, ko ta yi girman kai. Ba kasafai za ka ga an bi ta cikin ofis an zauna da ita a can ba, a ga ogarta, a ga ranar da albashi ya makara, a ga ƙawarta da suke cin abincin rana tare. Na taɓa kai wa wani furodusa labarin 'yan mata huɗu da suka haɗu a sansanin bautar ƙasa suka kama haya tare a Kaduna: likita, malamar makaranta, mai aikin banki, da mai sayar da turaren wuta ta intanet. Tambayarsa ta farko ita ce ina iyayensu, ta biyu wa zai auri wa. Da na ce labarin a kan ƙawancensu yake, sai ya ce babu mai kallon mata huɗu suna hira.

Barista Rabi: Ni zan kalla. Kuma ka ce masa irin waɗannan 'yan matan suna nan a Kaduna da Abuja da Kano, ba ƙirƙira ba ce. Iyayensu sun san inda suke, suna salla, suna tura kuɗi gida ƙarshen wata.

Baban Khalifa: Nima zan kalla, in an kiyaye abin da na faɗa. 'Yata ta fari tana aji uku a jami'a, rayuwar da za ta shiga ke nan. Gara ta gan ta da harshenta.

Anti Bilki Maryland: Habu, kada ka jira furodusa. Kana da kamara, ka san fitila. Issa Rae ma da abokanta ta fara, kashi na mintuna kaɗan. In ka yi kashin farko ka kawo nan, ni zan fara sa hannu a aljihu.

Habu Mai Kamara: Na gode Anti. Rubutun yana nan a kwamfuta tun bara. Zan buɗe shi yau in sha Allah.

Maman Iman: Na ji daɗin inda zancen ya kai, amma ku bar ni in dawo da mu kan tambayata, don har yanzu tana cina. Na sake tunani bayan karanta Barista da Fa'iza. Ina ganin wurin da abin ya mutu ba ranar bikin unguwa ba ne. Ranar bikin godiya ce ta Amurkawa, da suka yi alƙawarin za su zauna su yi maganar abin da ke tsakaninsu, Issa ta turo saƙo ta ce a bari sai wani lokaci, Molly ta amsa kamar ba komai alhali akwai komai. Kowacce tana jiran ɗayar ta fara. Daga baya da suka haɗu, sai suka yi ta hirar da ba ta da nauyi, suna dariya, suna zagaye ramin. Har sai da Molly ta yi kuskuren tura wa Issa saƙon da ta yi niyyar tura wa Andrew, tana nuna masa wai ga shi tana ƙoƙari da ita. Wannan fitowar ta fi min faɗan ciwo. A ce zama da ke ya zama ƙoƙari.

Kuma abin da nake yi wa aminiyata ke nan. Ina ganin hotunanta, ina danna alamar so, ina ce wa kaina ai ita ce ta samu matsayi ta manta da mu. Ban taɓa ɗaga waya na ce mata na yi kewarki ba, kuma na ji haushi da ba ki zo suna ba. Wataƙila ita ma tana can tana cewa na yi aure na manta da ita.

Fa'iza Jos: Yaya, kin sa ni hawaye. Amma ki tuna yadda suka ƙare. A ƙarshen zango na huɗu Molly ce ta kira, suka haɗu a gidan abincin Habashawa da aka fara nuna su a kashin farko. Kuma da mahaifiyar Molly ta samu shanyewar ɓarin jiki a zango na biyar, Issa ce a asibiti tana kawo mata kayan sawa.

Barista Rabi: Kuma kafin Molly ta iya yin wannan kiran sai da ta koma wurin likitar da ke sauraron damuwarta, wadda ta tambaye ta ko so take ta yi nasara a gardama ko so take dangantakar ta rayu. Ni mai kare Molly ce, amma na yarda da ba ta sauko ba da shi ke nan. Maman Iman, kada ki tura saƙo. Saƙo ne ya kai su inda suka kai. Ki kira ta da murya.

Zainabu Nima: Kuma kada ki fara da maganar suna. Ki fara da gaisuwa, ki tambayi mamanta.

Maman Iman: Yanzu tana ofis, ba ta tashi sai shida, ga cunkoson Legas. Zan bari sai bayan isha'i, in yara sun kwanta. Lambarta ta dā nake da ita, Allah Ya sa ba ta canza ba.

Ummu Sadiq (mai kula da zaure): Allah Ya sa a dace. Zan bar zauren a buɗe har gobe, ki dawo ki faɗa mana. Habu, kai ma muna jiran kashin farko.